Kawu da Rijiyar da Ya Hana a Toshe

Na Allah muke, wurinsa kuma za mu koma, sai dai Kawu ya riga mu kama hanya. Ya cika a gidan Innarmu da ke Batsari, a ɗakin da yake jinya tun ranar da aka sallamo shi daga asibiti da ƙafa ɗaya. Shi yayan Innarmu ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni ɗiyar ƙanwarsa ce, malamar firamare, kuma shi ya sa ni makaranta lokacin da dangi ke ganin ɓata lokaci ne.

Zaman makokinsa ya tara mutanen da ba su saba zama tabarma ɗaya ba. Mahautan kasuwa sun zo a ƙungiya, babbansu ya ɗaga hannu ya ce, "Allah ya jiƙan mai sayen ƙazanta," suka yi 'yar dariya, sai kuma na ga dattijon yana share ido da hannun riga. Ɗalibansa na jami'a sun zo, wasu har da furfura, suka zauna shiru kamar suna jiran ya fito ya duba aikinsu. Matan ƙauyenmu kuwa a bayan a-kori-kura suka iso, sun biyo hanyar da ko maza sai sun yi addu'a kafin su hau ta.

Ina wucewa ta soro da kwanukan abinci na ji wani attajirin danginmu yana cewa, "Mutum ya yi karatu har ƙasar waje, ya zo ya ƙare a kan rijiyar ƙauye. Da ya zauna inda Allah ya ajiye shi, da yanzu yana nan da ƙafafunsa." Wasu suka ce haka ne. Wallahi saura kaɗan in dire kwanukan nan in amsa masa, kunyar gawa ce ta riƙe ni. To yanzu an watse, kuma ni ba ni da kunyar takarda. Wanda ya faɗi maganar ya san kansa, ya zauna ya karanta.

Kawu malamin ilimin ƙananan halittu ne, waɗanda ido ba ya gani. In kana son ka ɓata masa rai, ka kira su duka ƙwayoyin cuta. "Sharri kike yi musu," yakan ce da ni. "Masu laifin cikinsu 'yan kaɗan ne. Sauran su ke tsinka miki nono, su ke sa daddawa ta yi ƙamshi." Ya ce a madubin likita duk kamarsu ɗaya, wannan kamar sanda, wancan dunƙule, shi ya sa shi ba ya yanke hukunci da fuska. Kowace halitta, in ji shi, tana ɗauke da rubutun asalinta a cikinta, wani siririn zaren gado da haruffa huɗu kacal ake ta jujjuyawa. Akwai wani layi a zaren da kowace ƙwaya take da shi, amma kowane gida da yadda yake rubuta nasa. Sai a tace ruwa, a fasa ƙwayoyin da suka maƙale, a sa na'ura ta yawaita wannan layin, wata na'urar ta karanta, a gwama da na sauran duniya a kwamfuta. "Abin da kakarki ke yi wa baƙo shi nake yi," ya ce. "Ɗan gidan wa ne kai? Shi ke nan aikina."

Sunan da mahauta suka sa masa a kasuwar Batsari ya samo shi. Ranar kasuwa yakan je mayanka da sassafe, da babbar riga da hula, ya tsuguna inda ake juye tumbin saniya, ya ɗebi abin da kowa ke toshe hanci a kansa ya zuba a 'yan kwalabe. Da farko sun ɗauka asiri yake haɗawa. Sai ya zaunar da su ya gaya musu cewa a cikin tumbin nan akwai wata al'umma da ake kira arkiya, masu zama inda babu iska, kamar cikin saniya da lakar gindin rijiya. A madubi ba ka raba su da bakteriya, amma a zaren gado nisan da ke tsakaninsu ya fi nisan da ke tsakanin mutum da bishiyar kuka. Ya ce har yau ba a kama ko ɗayansu da laifin sa wa mutum ciwo ba, shi ya sa yake ganin girmansu. Mahauta ba su gane rabin bayanin ba, amma daga ranar suka riƙa ware masa tumbin da ya fi ɗumi.

Ƙauyenmu na asali yana ƙasar Safana, can tsakanin Runka da Zakka, ba zan faɗi sunansa ba. Rijiya ɗaya gare shi, a tsakiyar gari, kakanninmu suka haƙa. In ba ita ba sai rafi, rafin kuwa yana bayan dutse, inda 'yan bindiga ke shayar da shanun da suka kora. Maza sun daina noma gonakin wajen. Ɗiban ruwa aikin mata ne da 'yan mata, kuma yayata tana aure a garin da 'yan matanta. Kowa ya san abin da ake nufi in an ce yarinya ta tafi rafi ba ta dawo ba. Kawu ya san rijiyar nan ciki da waje, don shekara da shekaru duk zuwan da zai yi sai ya ɗebi ruwanta ya kai ɗakin gwaji.

Damina ce ta bara waccan amai da gudawa suka shiga garin. Wani mai fataucin hatsi ya dawo da ciwon ya rasu, aka yi zaman makokinsa, kafin a watse yara sun fara faɗuwa. Lokacin Kawu ya yi ritaya, ciwon suga ya sa shi gaba, yana zaune wurin Innarmu. Ya aika ɗan acaba da kwalba a rufe cikin kula mai ƙanƙara, ya ce a kai gidan mai unguwa, a ciko ta da ruwan rijiya. Aka ciko, ya tura wa tsofaffin ɗalibansa a jami'a. Gwajin gaggawa ya fara fitowa: akwai ƙwayar kwalara a kwalbar, kuma mai dafin ce. Nan take ya kira jami'in lafiya ya gaya masa. Jami'in ya ce to babu makawa, za a zuba wa rijiyar siminti.

Cikakken karatun ya biyo baya, wanda ke jero duk gidajen ƙwayoyin da ke cikin ruwan. Ina zaune ina yi masa fifita yana dubawa a waya, sai na ga ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Ɗiyata," ya ce, "ina mutanena?"

"Waɗanne mutane, Kawu?"

"Arkiyan laka. Ban taɓa ɗiban ruwan rijiyar nan na rasa su ba, yau babu ko ɗaya. Ga kuma ƙwayoyin da ke tsinka nono fal a ciki." Ya ajiye wayar a cinya. "Rijiya ba ta shan fura. Wannan ruwan ba daga cikinta ya fito ba."

Ya kira jami'in, wayarsa ba ta shiga, ya riga ya shiga ƙauyuka. Aka ce masa motar siminti za ta bi ayarin ranar kasuwa. Kawu ya ce a haɗa masa kula da kwalabe.

A nan aka yi rigimar da ban taɓa ganin irinta ba tsakaninsa da Innarmu. Ita mace ce da ba ta ɗaga wa yayanta murya, amma ranar ta tsaya a bakin ƙofa.

"Yaya, kana da suga, kana da shekaru. Ka aika yaro mana."

"Aiken ne ya kawo mu nan."

"In suka tare ku fa? Da mi za mu fanshe ka?"

"Da bakina na ce ruwan nan akwai cuta. In aka toshe rijiyar, jikokinki ne za su ɗauki tulu su zagaya dutse. Ki gaya mini in zauna in ci tuwo."

Da ta ga ba ya jin magana, sai ta ɗauke takalmansa, sau-cikin nan masu taushi da likita ya ce kada ya taka ƙasa sai da su, ta kulle a akwatinta. Ta ɗauka dattijo kamarsa ba zai fita haka ba. Ya dube ta, ya zura silifas ɗin alwala, ya fita. Na suri kular na bi shi, don na san ko na tsaya ba fasawa zai yi ba.

A-kori-kura ta kai mu Runka, daga nan sai mashin. Ban ji daɗin tafiyar nan ba, kuma ba zan yi ƙaryar jarumta ba, tsoro ya cika ni. Duk inda hanya ta shiga duhuwa sai masu mashin su yi shiru su ƙara wuta. Mun wuce garuruwa da babu kowa sai kaji. Kawu yana gaba a bayan wani mashin, iska ta cika masa riga, ko waiwaye bai yi ba. A wani kwazazzabo mashin ɗinsu ya karkata, diddigensa ya manne da salansa, bututun hayaƙin nan mai zafi. Masu suga ba sa jin zafi a ƙafa da wuri. Bai ce komai ba, ni kuma ban gani ba.

Gidan mai unguwa muka sauka. Uwar mai unguwan, wadda muke kira Iya, taubashiyar Kawu ce, ɗiyar gwaggonsa, kuma tun suna yara ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Ranar ma, duk da tana cikin makokin jikanta da ciwon ya ɗauke, ta daure ta ce, "Bokan kwalba, halan birni ta kore ka, ka zo da takalmin bayi?"

Aka gaisa, aka yi gaisuwar rashi, aka tambayi gida da gajiya. Sannan ya ce, "Iya, kwalbar da na aiko, wa ya cika ta?"

"Ni da kaina."

"A rijiya?"

"An jawo na rijiyar, na duba, jawur da shi, ka san halinta da damina. In aika wa ɗan kawuna, babban malami, ruwa mai laka? A ce a birni mu ƙazamai ne? Na zubar, na cika maka da na randa, mai sanyi, wanda ya kwanta."

Ta faɗa ne da alfahari, kuma duk macen da aka haifa a ƙasar nan ta san dalilinta. Ba a miƙa wa babba ruwan da ba a tace ba. Randar da take nufi ita ce babbar nan ta bakin zaure, wadda kowane baƙo ke sha, wadda duk masu zaman makokin bafataken suka sha. Modarta wani gwangwani ne marar mariƙi, sai hannu ya nutse kafin a ɗebo, kuma da shi ake ɗiban ruwan dama fura.

Na san zafin Kawu a kan aiki, na taɓa ganin ya kori ɗalibi saboda ya buɗe kwalba da hannu ba safa. Na jira ya fashe. Ya daɗe yana kallon randar, sannan ya ce, "Kin kyauta mini, Iya. Amma ni ɗan laka ne, gaba ki aiko mini da lakata." Iya ba yarinya ba ce. Ta bi idonsa zuwa randar, ta dubi ɗakin da jikanta ya kwanta, ta zauna a ƙasa. Ya tsuguna kusa da ita ya yi mata magana ƙasa-ƙasa, ban ji abin da ya ce ba. Daga baya ita da bakinta ta gaya wa matan gari abin da ya faru, kuma ita ta ce in rubuta.

Motar siminti ta iso da magina, ta tarar da Kawu zaune a kan kujera 'yar tsugunno a bakin rijiya. Jami'in lafiyar matashi ne mai ladabi, idanunsa sun faɗa don rashin barci, ya ga gawarwakin yara a makon fiye da yadda ya kamata mutum ya gani.

"Ranka ya daɗe, ai kai ka kira ni."

"Ni na kira ka, ni kuma na zo in ce na yi gaggawa. Ruwan randa aka gwada, ba na rijiya ba."

"Randar wa?"

"Randa kowane gida akwai ta. A wanke su duka da maganin ruwa, a yi wa kowace moda dogon mariƙi."

"In kuma rijiyar ce fa, Baba? In na bar ta wani yaron ya mutu, ni za a tambaya."

"Gaskiyarka. To ga guga, jawo da hannunka, ka cika kwalba ka rufe. In sakamako ya ce ita ce, ni zan fara zuba siminti. Kafin nan ba wanda zai sha ruwan da ba a tafasa ba, kuma ba yarinyar da za ta je rafi."

Wani daga cikin taron ya ce Malam ya sha ruwan mana a gaban kowa, in ya tabbata. Kawu ya harare shi. "Cikina ba shaida ba ne. A tafasa." Jami'in ya karɓi gugan. Amma ya ce shi ba zai iya tsare magina ba in manyansa suka matsa, kuma simintin zai zauna a garin. Kawu ya ce to shi ma zai zauna.

Ni aka ba kular na koma da ita, na miƙa ta ga ɗalibansa hannu da hannu. Shi kuwa ya tare a bakin rijiya. Yayata ta ce kullum bayan sallar asuba zai ɗauko kujerarsa, ya zauna yana kallon masu jan ruwa, yana tambayar kowace ko akwai itacen tafasawa a gidansu. Ya sa maƙeri ya yi wa gwangwanaye mariƙi. Da rana ya bi gida-gida yana leƙa randuna, yana faɗa, matan suna ce masa sarkin tsegumi. Sau biyu magina suka zo da cewa an ce su fara, ya ce su fara da shi. Allurar sugarsa ta lalace don babu sanyin ajiye ta. Ƙunar diddigen ya ɗaure ta da tsumma, ya saki wando a kai, ba wanda ya sani sai da wari ya tona.

Sakamakon ya same ni a waya, na kira wani ɗan garin da ke hawa tudu neman sabis, ya kai saƙo. Rijiya ba ta da kwalara. Arkiyan lakarta suna nan yadda ya san su. An ce da aka gaya masa, cewa ya yi, "Madalla, mutanena sun yi mini shaida." A lokacin ciwon ya riga ya ja baya tun da aka wanke randuna. Simintin nan da shi aka ɗaga bakin rijiyar aka yi mata daɓe, don kada ruwan sama ya riƙa komawa ciki.

A kwance aka dawo da shi. Likitoci sun yi iya yinsu, aka yanke ƙafar daga gwiwa, jikin bai sake komawa daidai ba. Innarmu ta yi jinyarsa wata da watanni, ita ke ba shi abinci a baki, amma magana tsakaninsu ba ta wuce sannu da yauwa. Tana fushi da shi don ya tafi, tana fushi da kanta saboda abin da ta kulle a akwati, shi kuma ko sau ɗaya bai ɗaga zancen ba. Na tambaye shi wata rana ko yana nadama. Ya ce, "Ta gaggawar kiran waya, ƙwarai. Ta tafiya, a'a."

To ga amsata ga mai cewa ya ƙare a kan rijiyar ƙauye. E, a kanta ya ƙare, kuma ina alfahari da haka. Mutanen da ke bayan dutse sun raba mu da gonaki, sun raba mu da kasuwanni, sun sa muna sallama da juna kamar ba za a sake haɗuwa ba. Abin da ya rage wa garin nan shi ne ruwan da ke tsakiyarsa, kuma dattijo mai suga ya hana a miƙa musu 'yan matanmu a kan kuskuren kwalba ɗaya. Kai da ka zauna inda Allah ya ajiye ka, ƙafafunka biyu suna nan, ban ga inda suka kai ka ba.

Ranar jana'izarsa, da za a fita da gawar, liman ya leƙo cikin gida ya ce mata su yafe masa, kamar yadda aka saba. Muka amsa mun yafe. Ina kusa da Innarmu, bakinta bai motsa ba. Aka yi addu'o'i aka watse, ba ta yi kuka ba, ba ta kuma cin abincin kirki. Sai wata safiya ta yafa mayafi ta ce in nemo mana mota. Ita da rabonta da ƙauye tun farkon tashin hankalin nan, ita ce ta hau bayan mashin daga Runka, ta riƙe ƙarfen baya da hannu biyu.

Ba ta shiga gidan kowa ba, rijiyar ta nufa. Hantsi ne, 'yan mata sun kewaye ta da tuluna da jarkoki suna ta surutu, iyayensu na hango su daga ƙofar gida. Jikokinta suka rugo suka rungume ta. Ta dubi yayata.

"Tun lokacin, akwai wadda ta je rafi?"

"Babu, Inna."

"Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya."

Ta karɓi igiya daga hannun wata yarinya, ta saki guga, ta jawo da kanta tana haki. Ta dubi ruwan, da 'yar lakarsa. Sannan ta dafa bakin rijiyar da hannu biyu, ta sunkuya, ta yi magana yadda ake yi wa wanda ke ɗaki na kusa.

"Yaya, na yafe maka. Kai ma ka yafe mini."

A nan kukan ya zo mata, Iya ta fito ta riƙe ta.

Allah ya jiƙanka, Kawu, ya yalwata makwancinka, ya shayar da kai daga ruwan da ba a jin ƙishi bayansa. Mu da muka rage muna nan, ba inda za mu.